Hular Tossie Furlong

Cormac Gilsenan, shugaban kulob ɗin ƙwallo na garinmu, shi ya kawo wa Malachy Deasy labarin da hantsi, yana tsaye a bakin ƙofa ruwa na ɗiga daga lemarsa. Ya ce Tossie Furlong ya cika da asuba, Allah ya ji ƙansa, za a yi zaman gawa yau da gobe, jibi a kai shi. Ya ce 'yan wasa za su jeru a gefen hanya da rigunansu, za a lulluɓe akwatin da tutar kulob, kuma za a binne shi da hularsa a ka. Sannan tunda Baba Malachy ne abokinsa tun suna yawo ba wando, shi ake so ya yi jawabi a bakin kabari, ya ɗan ba yara labarin irin ƙwallon da marigayi ya taka.

Malachy ya ce wace hula. Cormac ya yi masa kallon da ake yi wa tsoho in ya fara sakin layi, ya ce hular ƙasa mana, Baba, wace hula kuma Tossie ke da ita da ta wuce wannan.

To hular nan dai ta Malachy ce. Koriya ce ta karammiski mai tuntun zinariya, irin wadda ake bai wa duk wanda ya sa rigar Ireland ya buga mata wasa, ko da sau ɗaya ne. Malachy ya buga sau ɗaya. Shi kuwa Tossie, tun ranar da ƙwallo ta fasa masa hanci a firamare bai sake yarda wani abu mai kewaye ya kusance shi ba in ba dankali ba. Mutum ne mai asma da tumbi da ƙaton kai, wanda in zai hau matakalar coci sai ya huta a tsakiya. Amma je ka Kilbrannock yau ka tambayi kowane yaro wane ɗan ƙwallo garin nan ya taɓa haifa, kafin ka rufe baki zai nuna maka allon da ke ƙofar fili: Filin Furlong.

Doka ce ta jawo, mu kuma muka ƙarasa. Lokacin da su Malachy ke samari, duk mai buga ƙwallonmu ta gargajiya, wadda ake cafewa da hannu a dirka da ƙafa, bai isa ya taɓa ƙwallon Ingilishi ba. Ba ma bugawa ba, ko kallo aka kama ka kana yi an kore ka daga ƙungiya ke nan. Don kada doka ta zama ta fatar baki, aka kafa kwamitin sa-ido, dattawan da aka yarje wa su shiga filin da aka hana don su ga waɗanda suka shiga filin da aka hana. Shugaban namu kwamitin shi ne Dinny Deasy, uban Malachy. Duk garin shi kaɗai kwamitin ya ba izinin kallon ƙwallon Ingilishi, kuma bawan Allah bai taɓa fashin wasa ba ko ana ƙanƙara.

Malachy kuwa ƙafarsa ƙaiƙayi take. Ran Lahadi ya buga wa gari ta gargajiya, ran Asabar ya hau keke ya tafi Carrigmoyle inda ake ta Ingilishi. Ranar farko mai ɗaukar sunaye ya ce yaro yaya sunanka, Malachy ya waiga ya hango Tossie riƙe da keke yana cin burodi, ya ce Tossie Furlong. Dama Tossie ba ya cikin kowace ƙungiya, ba inda za a kore shi. A hanyar gida Malachy ya tambaye shi ko ya yarda. Tossie ya ce ba komai, ai ba ya amfani da sunan ran Asabar.

Dinny yana tsaye bayan raga cikin doguwar kwat, ya ga ɗan da ya haifa ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo. In ya gane shi dole ya kore shi, in ya kore shi kuwa Kilbrannock ta yi sallama da kofin gunduma da take ta hange tun kafin yaƙin duniya. Saboda haka bai gane shi ba. Ya tambayi na kusa da shi wannan yaron ɗan gidan wa ne, aka ce ɗan Furlong, ya ce ya ga alama, hancin gidansu ne. Da aka zauna cin abinci ya dubi matarsa, ya ce in akwai mai ganin ɗan Furlong ya gaya masa Allah ya ba shi ƙafar hagu ya bar ta tana zaman banza, kowace ƙwallo sai ya juyo da ita dama. Malachy ya ce zai isar da saƙo. Uwar ta ce a miƙo mata gishiri.

Mu mutanen Kilbrannock a nan muka fi ƙwarewa. Abu kowa ya san shi, amma muddin ba a faɗa ba bai faru ba, wanda ya faɗa kuwa shi ne marar tarbiyya. Fada, limamin cocinmu, ya sani, ɗan sanda ya sani. Concepta, yarinyar da ke sayar da shayi a bakin filin Carrigmoyle, wadda ta fi alƙalin wasa sanin ƙwallo, ita ma ta sani, kuma da idonta biyu ta auri Tossie daga baya, ta ce gara namijin da ke yini da tsabtataccen wando.

Bayan an ci kofin gunduma, wani ɗan Ingila mai farautar 'yan wasa ya zo Carrigmoyle, ya ce kulob ɗinsu na Harlesby na son Furlong, a kawo takardar haihuwa. Malachy ya je wurin Tossie. Tossie ya shiga ɗaki ya ɗauko, har da hure mata ƙura. Aka ce aron na kakar wasa ɗaya ne. Dinny ya sanar a gari cewa ɗansa Malachy ya tafi Ingila haƙar hanya kamar 'ya'yan kowa, aikin mutunci.

Kaka ɗaya ta zama shekara goma da ɗoriya. Malachy ya taka ƙwallo a filayen da taɓo ke kai wa idon sawu, ya bar haƙora biyu a goshin wani mai tsaron baya, ya ci ƙwallo da ka, da ƙirji, da gwiwa, da dama kuwa ba a magana. Hagu tana nan, tsayuwa kawai yake yi a kanta. Rukuni na uku ne, ba wani abin a-zo-a-gani ba, amma ranar da suka fitar da wani babban kulob daga gasar kofi, fili ya cika ya batse ana rera Furlong, Furlong, shi yana tsakiya yana kuka bai san na daɗi ba ne ko na haushi. Har ta kai in aka kira Malachy a titi ba ya waiwayowa.

A daidai wannan lokaci Tossie na zaune a mashayar Hession kusa da rediyo. In aka karanto sakamako sai a bubbuga masa kafaɗa, a dire masa baƙar giya, a ce Tossie yau ka ci biyu. Ya ce haka na ji. Yadda mutum zai ci ƙwallo a Ingila da ƙarfe huɗu ya sha giya a Kilbrannock da ƙarfe biyar, ba mai tambaya. Wani baƙo ya taɓa tambaya, aka ce masa jiragen yanzu ba wasa ba ne. Ranar da aka kori Malachy daga fili don ya naushi wani, Tossie ne Fada ya tsare a ƙofar coci ya wanke shi tas, Tossie ya sunkuyar da kai ya ce ba zai ƙara ba.

Sai aka kira Furlong ya buga wa ƙasa, wasan sada zumunci a Dublin. Doka na nan daram, saboda haka rabin garin ya shiga jirgin ƙasa zuwa dubiyar wata gwaggo marar lafiya, Dinny kuma ya bi su a bakin aiki. Tossie ma ya je, ya sayi tikiti ya zauna ya kalli kansa. Ana gab da tashi ba wanda ya ci wani, ƙwallo ta gangaro daga dama, gola na kwance a ƙasa, raga a wangale. Ta zo wa Malachy daidai ƙafar hagu. Ya tsaya juyo da ita dama, ya dirka ta ta haye turke ta faɗa cikin 'yan kallo. Ba a sake kiransa ba.

A jirgin dawowa ba wanda ya yi wa Tossie magana, wani ma ya jefe shi da ɓawon lemo. Tun daga ranar, ko kofi ka saki ya fashe a garin nan sai a ce ka yi Furlong. Hula kuwa da ta tashi zuwa ta gidan waya, adireshin da ke takarda ta bi. Tossie ya sa ta ya je coci. Ta yi masa kaɗan, a tsakar ka ta tsaya kamar murfin buta, amma shi mutum ne mai haƙuri. Bai sake zuwa coci, ko biki, ko jana'iza ba tare da ita ba.

Ranar da jarida ta ce Furlong ya karye a gwiwa ya bar ƙwallo, washegari Tossie ya fito da sanda yana ɗingishi. Da ƙafar da ba ita ba ya fara, sai da Concepta ta gyara masa. Malachy ya dawo gida da nasa ɗingishin na gaske, aka ce Allah sarki, wahalar haƙar hanya ce, wasu kuma suka ce kwaikwayon Tossie yake yi don a tausaya masa.

Lokacin an riga an soke doka, da ya so da ya faɗa. Amma Dinny na da rai, kuma faɗar na nufin ko dai dattijon ya yi shekaru yana ƙarya ko kuwa bai san fuskar ɗansa ba. Malachy ya ce bari tsoho ya wuce. Da tsoho ya wuce, 'ya'yan Tossie sun taso suna tinƙaho da ubansu. Ya ce bari su girma. Kafin su girma aka raɗa wa fili suna. Ana bari ana bari, waɗanda suka sani suka yi shiru suka bi juna maƙabarta, aka bar waɗanda ba su sani ba suna ta surutu. Hotonsa na nan a bangon mashaya, siriri, riƙe da ƙwallo, an rubuta Furlong a ƙasa. Samari kan tsaya su ce kai, ka ga yadda aure ke canza mutum. Wani har ya taɓa ce masa, Baba, ka san Tossie ya ɗan yi kama da kai da yana yaro?

Abin na cinsa, ba ƙarya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, abin da yake faɗa ke nan duk sanyin hunturu in gwiwa ta hana shi sakat. Bai tsani Tossie ba, tare suke zama kullum, ba dai a zancen ƙwallo. Yana dai jira ne wata rana hular ta dawo hannunsa, ko wani mahaluki ɗaya a garin da aka haife shi ya dube shi ya ce kai ne. Yanzu ga shi ya haura tamanin, an zo har ƙofa ana gaya masa jibi za a tura ta ƙarƙashin ƙasa, kuma shi zai yi wa abin kirari. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya ɗauki sanda, ya ce wallahi ba za ta saɓu ba.

Gidan Furlong ya cika. An tsayar da agogo, an rufe madubi da ƙyalle kamar yadda muke yi in an yi rasuwa, kicin sai ƙamshin shayi da burodi da wuski. Maza na tsaye a jikin bango suna ta tisa wasan Dublin, wasan da aka yi kafin a haifi mafi yawansu. Cormac na cewa ba don wannan ƙwallo ɗaya ba da Tossie ya buga wa ƙasa sau hamsin. Wani ya ce a dai faɗi gaskiya ko a gaban gawa, ko kakarsa da ta ci ƙwallon nan. Jini ya hau wa Malachy ka. Ya buga sanda a ƙasa.

"Ni na zubar da ita," ya ce. "Ni ne a filin nan. Tossie yana sama cikin 'yan kallo yana cin lemo."

Cormac ya ajiye kofinsa, idonsa ya kawo ruwa. Ya dafa kafaɗar Malachy ya juya ga jama'a, ya ce ku ga abota irin ta mutanen da, mutum ya mutu amma abokinsa na neman ɗauke masa abin kunyarsa ya ɗora wa kansa. Mata suka fara share hawaye. Malachy ya ce ba fa abota ba ce, ga gwiwar nan in suna so su gani, ya kama naɗe wando. Aka riƙe masa hannu a hankali, aka zaunar da shi, aka cika masa kofi da wuski. Wata tsohuwa ta ce haka mijinta ya fara, sai ya riƙa cewa shi ne ya gina gadar gari.

To akwai abu ɗaya da ba a wasa da shi a wurinmu: ba a barin gawa ita kaɗai, daga fitar rai har a ɗauke ta. Dole wani ya zauna da ita, in ya gaji wani ya canje shi. Da la'asar Malachy ya ce shi zai karɓi zaman, a je a sha shayi, yana so ya yi sallama da abokinsa. Aka fita ana girgiza kai don tausayi, aka ja masa ƙofa.

Tossie na kwance cikin akwati, hannuwa harɗe da carbi, kyandir biyu a gefe, hula a ka. Ya yi kyau, har ya fi lokacin da yake da rai. Malachy ya ɗan zauna don kada a ce bai zauna ba. Sannan ya tashi, ya ce yi haƙuri ɗan'uwa, ya sa hannu ya zare ta. Shekara hamsin da wani abu yana ganinta a coci daga baya, yau ne ya fara taɓa ta. Karammiskin ya sule a gefe, tuntun ya koma ruwan ƙasa. Ya ɗaga ta da hannu biyu ya kifa a kansa.

Ta zurma ta wuce goshi, ta wuce ido, ta tsaya a kan hanci. Ƙaton kan Tossie ya daɗe da gama aiki a kanta. Malachy ya tsaya a tsakiyar ɗaki ba ya ganin komai, sai warin man gashin Tossie da tabar lofe da zuma. Ya tura ta baya ta dawo. A haka ya ji an buɗe ƙofa, ya ji ƙarar kofi a kan faranti.

"Malachy Deasy," in ji Concepta. "Da tsufanka kake yi wa gawa sata."

"Ba sata ba ce, Concepta. Kin san ta wane ne."

"Na sani. Ta yi maka?"

Ya zare ta ya riƙe a hannu. Concepta ta ajiye shayin, ta ja kujera ta zauna kusa da kan mijinta, ta gyara masa gashin da hular ta hargitsa. Ta tambaye shi ko Tossie ya taɓa yi masa zancen Boston. Ya ce wace Boston.

Sai ta ba shi labari, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce shekara ta biyu da tafiyarsa Ingila, yayar Tossie da ke Boston, can ƙasar Amurka, ta samar masa aiki a gidan burodi, abin da ya fi so a duniya. Sun sayar da keke, sun sayi akwati, ita har ta yi sallama da uwarta. Tossie ya je neman fasfo, aka duba aka ce masa ai Tossie Furlong na Kilbrannock ya riga ya karɓi nasa, yanzu haka ma yana Beljiyam da kulob ɗinsa. Ya ce to madalla, ya dawo gida. Ta ce ita ta ce wa Tossie ya rubuta wa Malachy wasiƙa, ya ce a'a, yaron na cin ƙwallo, kada a ɓata masa kaka. Kaka ta bi kaka. Lokacin da sunan ya gama aiki, yayar ta mutu, asma ta kama ƙirji, yara sun cika ɗaki. Akwatin na nan a ƙarƙashin gado, barguna take sa wa a ciki.

"Kai ka tafi da sunansa ka ga duniya," ta ce. "Shi ya zauna yana yi maka gadin ƙwallon da ka zubar. Duk wanda ya sha ya bugu a garin nan a kansa yake hucewa, bai taɓa cewa ba ni ba ne."

Kunya ta kama Malachy, irin wadda bai ji ba ko a Dublin.

"Jibi za su binne ɗan ƙwallo," ta ce. "Ni kuwa mijina ne ya mutu. Tun safe ake shigowa, ba wanda ya yi mini gaisuwarsa."

Malachy ya sunkuya ya ɗaga kan Tossie a hankali ya mayar masa da hular. Ta zauna ɗas, ba ko gyara. Concepta ta ce ya sha shayinsa kafin ya huce.

Ran jana'iza aka tashi da yayyafi. 'Yan wasa sun jeru da rigunansu suna rawar sanyi, an kawo yaran makaranta, har da wani mai ɗaukar hoto daga jaridar gunduma. Fada ya gama addu'a ya yafito Malachy. Cormac ya riƙe masa lema, ya raɗa masa cewa ya fara da ƙwallon gasar kofi, ta Dublin a bar ta.

Malachy ya ce Tossie Furlong mutum ne mai tsoron ƙwallo. Aka yi dariya, an ɗauka buɗe taro ne. Ya ce duk garin nan ba hannun da ya iya burodi kamar nasa, kuma waɗanda suka ci sun sani. Ya ce yana da amya shida a bayan gida, kuma ba abin da zai faru a Kilbrannock, haihuwa ko mutuwa, bai je ya gaya wa ƙudan zumansa ba, yana fata wani ya tuna ya gaya musu wannan. Ya ce ba shi da murya ko kaɗan amma bai taɓa barin waƙa ta wuce shi a coci ba. Ya ce mutum ne da in ka roƙe shi aron abu zai ba ka har ya hure masa ƙura, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce ka dawo da shi ba, ko da kuwa abin shi ne kaɗai abin da ya mallaka. Ya ce Tossie ya so ya ga Boston, bai gani ba.

Cormac ya matso da bakinsa ya ce ƙwallo, Baba, ƙwallo. Malachy ya ce ya gama. Ya ɗebi ƙasa ya zuba a kan akwatin ya koma gefe.

Ai kuwa mutane ba su ji daɗi ba. Mai hoto ya rufe kyamararsa. A hanyar fita ana ta ƙus-ƙus, wai an ba shi dama ya karrama gwarzon gari ya tsaya zancen zuma da burodi, ko kalma ɗaya kan ƙwallo babu. Wasu suka ce tsufa ne. Wasu suka ce ba wani tsufa, hassada ce, dama mai haƙar hanya yaushe zai so a yabi ɗan wasa. A otal ɗin da aka je shan miya bayan jana'iza, teburinsa ne kaɗai ba wanda ya zauna. Ya sa cokali a miya ya kasa sha. Hula ta tafi, mutuncin da ya rage masa a gari ya bi ta, ga gwiwa na zugi saboda tsayuwa a ruwa.

Concepta na zagayawa da butar shayi tana karɓar gaisuwa. Da ta iso wurinsa ta tsaya ta juyo kofinsa ta fara zubawa, ba ta dube shi ba.

"Ina bayan ragar nan ranar Dublin," ta ce. "Hagu ta zo maka, Malachy. Ƙafa kawai za ka tara mata. Ubanka ya faɗa maka tun kana yaro ba ka ji ba. Kai ka zubar da ita, kai, ba kowa ba."

Cokalin ya suɓuce masa. Tunda yake, ba wanda ya taɓa zaginsa kan ƙwallo a garin nan, kuma bai san haka zagi ke da daɗi ba. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya ce ƙasa ce ta jiƙe, kuma ƙwallon ta yi tsalle kafin ta iso shi. Ta ce ba tsallen da ta yi. Ya ce ita tana baya, ina za ta gani, ta tsaya ya nuna mata. Ya ture kwanon miya gefe, ya kafa kofi biyu a matsayin turaku, ya kwantar da kwalbar gishiri ya ce wannan shi ne gola, ya gutsuro burodi ya mulmula ƙwallo.

Concepta ta dubi jama'ar da ke jiran ta zo su yi mata gaisuwar ɗan ƙwallo. Ta ajiye butar, ta ja kujera ta zauna. Ta ce ya matsar da gishirin, golan ba a nan ya faɗi ba.